Kare a Bakin Tarko: Kurakuran da 'Yan Farauta Suka Fi Yi

Da zarar an kai amfanin gona gida, ciyawa ta bushe, hunturu ya fara busawa, 'yan farauta sukan zuba karnuka a mota su nufi daji. Daidai lokacin ne masu ɗana tarko su ma suke nasu shirin, domin namun daji sun fara matsowa bakin ruwa, hanyoyinsu kuma sun fito fili. Dajin da ba gonar kowa ba ne kowa yana da hannu a cikinsa: makiyayi, mai saran itace, mai ɗiban zuma, mai tarko. Babu wanda zai sa maka alama a inda ya ɗana. Karenka kuwa hancinsa a ƙasa yake, sawun gada ko gyazbi yake bi, wannan sawun kuma shi aka ɗana wa tarkon.

Iri biyu ne suka fi cin karnuka a dazukanmu. Akwai zargen waya, wanda ake yi da wayar birkin babur ko ta kulochi, wani lokaci da wayar da ake cirewa daga tsohuwar taya. A ɗaure gindinta a kututture, a buɗe bakin a kan hanyar dabba. Sai kuma tarkon ƙarfe mai haƙora, wanda maƙera ke ƙerawa da tsohon sifirin mota, a binne shi a rufe da ƙasa da busasshen ganye. Na ƙarfen ya fi ban tsoro a ido, amma wayar ta fi saurin kisa, don wuya take nema.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada tun daga gida ake yin sa: kare ya girma bai taɓa sanin igiya a wuyansa ba. Da yawa daga cikinmu suna ganin ɗaure kare yana kashe masa zuciya. Ni ban yarda ba. Zarge ba ya matsewa da kansa, dabbar da ta shiga ita ke matse shi da ja. Karen da ya saba da ɗauri, in ya ji abu ya riƙe masa wuya, yakan ja sau ɗaya ko biyu ya tsaya, don ya san ja ba ya kwance igiya. Wanda bai saba ba kuwa zai yi ta fizga yana birgima, wayar tana nutsewa cikin fata, har numfashi ya ɗauke. Maganin ba ya cin ko sisi. Tun yana ɗan kwikwiyo a riƙa ɗaure shi a inuwa na ɗan lokaci kullum, a riƙa jan sa da igiya a cikin unguwa, kuma kada a kwance shi yana tsaka da fizga, sai ya natsu. Babban kare ma yana koya, sai dai ya fi cin haƙuri.

Mai bi masa shi ne fita ba abin yanka waya. Za ka ga mutum da adda, da gora, da wuƙa biyu, da layu a damtse, amma ba ƙarfe guda da zai datse waya. Adda ba ta cin wayar birki, sai ta yi ta tsalle a kanta, kuma kowane sara yana ƙara jijjiga wuyan karen. Filaya ta gama-gari ma sau da yawa tauna wayar take yi ta baje ta, domin zare-zare ce aka murɗe. A nemi abin datse waya mai kaifin baki a wurin masu sayar da kayan gyaran babur, a gwada shi a gida a kan tsohuwar wayar birki kafin ranar fita. In bai datse ta da matsa ɗaya ko biyu ba, a mayar. Kuma a aljihu ake sa shi, ba a jakar da aka bari a mota ba.

Na taɓa ganin yadda rashin wannan yake ƙarewa. Wani yaro a ayarinmu ya riga kowa isa wurin karyarsa, ya same ta a zarge, ya kama wayar yana ja da hannu yana kiran, "Baba, ku zo! Baba!" Kafin dattijon da ke da abin yanka ya ƙaraso daga ƙetaren rafi, ta riga ta yi laushi. An samu ta farfaɗo, amma yaron ya koma gida da haƙoranta huɗu a tafin hannu.

Wannan cizon shi ma darasi ne. Karen da ke cikin azaba bai san mai shi ba. Kada ka kai hannu kai tsaye. Ka cire riga ka lulluɓe masa kai, duhun yana kwantar da shi, haƙoransa kuma sun samu shamaki. In ƙafa ce aka kama, a ɗaure masa baki da tsumma ko igiya mai laushi. In wuya ne kuwa, kada a kuskura a ɗaure bakin, yana neman iska ne. Mutum ɗaya ya danne shi ya matsar da shi wajen kututturen don wayar ta saki, na biyu ya datse ta tsakanin kututturen da wuyan, sannan a sassauta zoben. In ya nutse har yatsa ba ya shiga, a zura bakin abin yankan ta bayan wuya, ba ta maƙogwaro ba.

Tarkon ƙarfe kuma ba a ɓanɓare haƙoransa da hannu, ba a kuma jan ƙafar. Ƙarfinsa a sifirin yake. A daidaita tarkon a ƙasa mai tauri, a taka sifirin da dukkan nauyin jiki, haƙoran za su saki, wani ya zare ƙafar a hankali. In ƙasar yashi ce, a sa faffaɗan dutse ko guntun itace a ƙarƙashi, in ba haka ba tarkon nutsewa zai yi kana takawa. Wanda bai taɓa buɗe irinsa ba ya je wurin maƙeri ya koya. Samari kan nuna mini bidiyon mafarautan Amurka da Kanada suna buɗe wani tarko mai kusurwa huɗu da igiyar jan kare. Wannan tarkon Conibear ne, mai sunan mutumin Kanada da ya ƙirƙiro shi, wuya da ƙirji yake dannewa, sifirinsa a gefe biyu. Dabarar gaskiya ce, amma ba za ta buɗe tarkon maƙerinmu ba.

Sai maganar kunne. Mun saba jiran haushi, alhali karen da aka shaƙe ba ya iya haushi. In karen da ke gaba yana ta kai-komo ya yi tsit, kada a ce ai zai dawo. A bi inda aka ji shi na ƙarshe nan take. Ƙaramar ƙararrawa a wuya tana taimakawa. Masu cewa tana korar nama su tuna farautar gayya da kiɗa da ihu ake yin ta. A kuma riƙa ƙirga karnuka a kowane zango, ba sai an zo hawa mota da magariba ba.

Mai ido yakan ga tarko kafin kare ya faɗa. In ka ga an jera yankakken ƙaya kamar shinge a tsakiyar daji, an bar 'yan ƙofofi a jikinsa, to kowace ƙofa da abin da ke jiran ta. Haka gangaren da dabbobi ke bi zuwa ruwa, da gefen fadama, da bakin gonakin rake ko rogo inda gyazbi ke ɓarna. A irin waɗannan wurare a kira karnuka a sa musu igiya har a wuce. In an ga ɗaya, akwai 'yan'uwansa kusa, ba a ɗana tarko tilo. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne tsayawa a ƙauyen da ke bakin dajin a gaida mai unguwa ko Sarkin Dawa: "Ranka ya daɗe, ta wane ɓangare aka yi ɗane bana?" Makiyaya ma sun sani, don shanunsu na faɗawa. Ayarin da ya sauka daga mota ya afka daji ba sallama shi ya fi asarar karnuka, shi ne kuma ya fi dawowa da rigima.

Ba kowane daji ake shiga ba ma. Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956, da Falgore a jihar Kano, da Kamuku a yankin Birnin Gwari, da Gashaka-Gumti, duk an hana farauta a cikinsu. Ɓarayin nama kan zuba waya a gefunansu, kare kuwa bai san iyaka ba. In ya bi nama ya tsallaka, ga tarko, ga ma'aikatan gandun daji, kai kuma ba ka da bakin magana.

Bayan an ciro kare, nan ma ana ɓata aiki. Baƙin mai, toka, ruwan batir, duk na ga an zuba a rauni, kuma duk ƙona nama suke yi. A wanke da ruwa mai tsabta da aka sa wa gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a ɗaure ƙafar tamau da roba a bar ta, kashe ta ake yi. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane: ibuprofen da diclofenac suna ɓarke wa kare ciki su lalata masa ƙoda. Kada kuma a mayar da shi farauta don an ga ya miƙe yana kaɗa jela. Wuyan da waya ta matse yana iya kumbura bayan sa'o'i, ƙafar da ƙarfe ya danne kuma sai bayan kwanaki naman da ya mutu yake nunawa, ta yi sanyi, ta yi baƙi, ta fara wari. A kai shi wurin likitan dabbobi, a kare raunin daga ƙuda don kada ya yi tsutsa.

Wanda karen ya ciza wajen ceto ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti, ko da karensa ne na gida. Karnukan farauta suna cuɗanya da dila da sauran namun daji, shi ya sa allurar rigakafin haukan kare ta kowace shekara ta zama dole a kansu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin ta, ana kuma samun ta a asibitocin dabbobi. A yi musu tun da kaka, kafin a fara fita.