Kurakuran da ke korar mai saye daga shafin kasuwancinka a waya

Wani ɗan'uwana mai shago a Kantin Kwari ya biya kuɗi aka gina masa shafin intanet na atamfa da shadda da leshi. Ranar da aka kammala, an buɗe masa shi a kwamfuta, ya yi kyau, kowa ya sa albarka. Bayan mako biyu wata Hajiya mai sari ta kira daga Damagaram, ta ce ta buɗe ta jira har ta gaji, ba ta ga komai ba. Na karɓi ƙaramar Itel ta yaron shagon na gwada. Gaskiyarta ce.

Tushen kurakuran ke nan. Ana gina shafi a kan babban allo da intanet mai ƙarfi, alhali mai sayen yana cikin adaidaita sahu, da hannu ɗaya yake riƙe da waya, rana na haske allon, sabis na ɗaukewa yana dawowa. Shi ma Google tun 2018 ya fara auna shafuka da yadda suke a waya, a 2023 ya sanar da cewa ya kammala wannan sauyi. Abin da ba ya fitowa a waya, ka ɗauka ba ka saka shi ba.

Hotuna ne suka fi kashe shafukan 'yan kasuwarmu. Mutum zai ɗauki turmin atamfa da kyamarar waya, ya ɗora hoton yadda yake, mai nauyin megabait uku ko huɗu, ya jera irinsa talatin a fuskar farko. Datar mai saye ce ke ƙonewa, kuma data ta yi tsada tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Gyaran ba wuya. Ka rage faɗin hoto zuwa kamar fiksel 1000 (fiksel shi ne ɗigon da ake auna girman hoto a allo da shi), ka mayar da shi tsarin WebP mai rage nauyin hoto; shafin Squoosh na yin wannan kyauta, ba sai ka sauke manhaja ba. Amma kada ka matse shi har launi ya gudu, domin mai sayen shadda launi da sheƙi take saye, in kayan suka iso ba kamar na hoto ba rigima ce. Ka ce wa mai gina shafin ya sa hotunan ƙasa su jira sai an gangaro wajensu. Daga nan ka saka adireshin shafin a PageSpeed Insights, shafin Google mai gwada saurin buɗewar shafuka: ma'aunin Google shi ne babban abin da ke allon ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi.

Sai shafin da ba ya lanƙwasa da girman allo, wanda sai an ja hagu an ja dama, an buɗa da yatsu biyu kafin a karanta farashi. Ka nemi tsarin da ke daidaita kansa da kowace waya. Rubutu kada ya gaza fiksel 16, maɓallin da za a danna ya kai fiksel 48, don babban yatsa ya same shi ba tare da ya taɓa na kusa ba. In da Hausa ka rubuta, duba ko ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai. Wasu nau'o'in haruffa akwati suke nunawa a gurbinsu, Noto Sans kuwa yana ɗauke da su.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne lambar waya. Na sha ganin an rubuta ta a jikin hoto, sai mutum ya haddace ta ya fita ya buga. A Kano ciniki da baki ake yi, a taya, a ce albarka, a daidaita, don haka aikin shafin shi ne ya kai mai saye gare ka. Sa lambar a sama, ta zama da an taɓa ta kira ya tafi. Mahaɗin WhatsApp kuma, wa.me, ana rubuta shi da 234, lambar Najeriya, a gaba, a cire sifirin farkon lambar. Da yawa suna barin sifirin, mahaɗin ya ƙi aiki ba su sani ba. Fom mai tambaya goma, ko tallan da ke rufe allo da zarar an shigo, cire su.

Adireshin shafin ya fara da https, in ba haka ba Chrome zai nuna wa mutane cewa ba shi da tsaro, kuma ba wanda zai tura kuɗi bayan ya ga haka. Ƙungiyar Let's Encrypt na bayar da shaidar tsaron da ake buƙata don https kyauta.

Kwatance ma ana raina shi. "Kantin Kwari, Kano" ba zai kai baƙo ƙofarka ba. Faɗi gidan, da layin, da lambar shago, da lokacin buɗewa, da ƙarfe nawa kuke rufewa don sallar Juma'a, sannan ka tsaya a bakin shagon ka ɗora alamar Google Maps daga nan.