Idan sabar imel ta ɗauki baƙo a matsayin ɗan gida

Matasanmu da ke haɗa wa ofisoshi intanet a Legas, daga Computer Village na Ikeja har kamfanonin fiton kaya na Apapa, kukansu kusan ɗaya ne: an girka SpamAssassin, manhajar tace saƙonnin imel, amma saƙonnin shara na ta kwarara cikin akwatin maigida. Galibi matatar lafiyarta ƙalau. Adireshin wanda ya aiko saƙon aka ɓoye mata.

Tun 1996 ƙa'idar RFC 1918 ta ware adireshin IP da suka fara da 10, da 192.168, da 172.16 zuwa 172.31 don amfanin cikin gida kaɗai. Shi kuwa 127.0.0.1 kwamfutar ce da kanta. Sabar imel kan saki jiki da irin waɗannan lambobi, kamar mai gadin da ba ya tambayar yaran gida inda suka fito.

Kuskuren da ya fi ɓarna a kan rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, ake yin sa. Mutum zai buɗe mashiga ta 25, ƙofar da imel ke shigowa ta cikinta, zuwa sabar, sannan ya sa dokar masquerade, mai maye adireshin mai aikawa da na rauta, a rautar MikroTik ba tare da ya ƙayyade ta kan layin da ke fita waje ba. Daga nan kowane saƙo, ko daga wace ƙasa ya taso, sai ya iso da adireshin rautar, misali 192.168.88.1. Tambayar jerin baƙin suna na Spamhaus, inda ake tara adireshin masu aika shara, ta zama banza, don ba a ga lambar gaskiya ba. SPF, mai duba ko adireshin na da izinin aika saƙo da sunan da ke kansa, ko dai a tsallake shi, ko ya kori saƙon kirki. SpamAssassin na iya kunna dokar ALL_TRUSTED, wadda ke rage makin tuhuma, sai shara ta kasa kai maki 5 da ake kama ta da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Postfix, manhajar sabar imel: in wannan lamba na cikin mynetworks, jerin adireshin da ta yarda su aika saƙo ta cikinta, duk ɗan damfarar duniya zai iya aika saƙo ta sabarka, kuma adireshin ofishin ne zai shiga baƙin jeri. Gyaran bai da wuya. Ɗaure masquerade a kan layin waje kawai, ka duba rajistar sabar ka ga lambobin waje sun fara bayyana.

Ko rauta na daidai, kada ka zuba dukan 192.168 a mynetworks don kawai firinta ta samu aika takarda. Kwamfuta ɗaya ta kamu da cuta, shi ke nan. Bar 127.0.0.0/8 da adireshin firintar kaɗai a cikinsa, ma'aikata su riƙa aikawa ta mashiga ta 587 da kalmar sirri.

Sai masu ajiye wata na'ura a gaban sabar, ko masu ɗebo saƙo daga wata sabar da manhajar fetchmail. A nan dole ka rubuta trusted_networks da internal_networks na SpamAssassin da hannunka, injinan da kake iko da su kaɗai, domin matatar ta san layin Received, wato layin da kowace saba ke rubutawa a kan saƙon da ta karɓa, da za ta fara tuhuma daga kansa. In HAProxy, manhajar da ke miƙa wa sabar saƙo, ce a gaba, kunna tsarin PROXY a ɓangarorin biyu don lambar asali ta wuce.

Kafin ka karɓi kuɗin aikinka, ɗan'uwa, aiko saƙo daga Gmail, ka buɗe cikakken kan saƙon. Layin Received da sabarka ta rubuta ya kamata ya nuna adireshin Google. In 192.168 ka gani a wurin, koma kan rautar.