Yadda za a nemi gwajin da ya dace ga mai ciwon dajin hanji

Idan likita ya tabbatar wa mutum da ciwon dajin babban hanji, ya kamata shi da danginsa su fara sanin cewa ƙwayoyin garkuwar jiki ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan ƙari. Ƙwayoyin T, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, sukan kutsa cikinsa su kashe ƙwayoyin cutar, kuma tun 2006 masanin garkuwar jiki Jerome Galon da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa wanda suka yi yawa a ƙarinsa ya fi daɗewa cutar ba ta dawo masa ba. Amma wasu fararen ƙwayoyin jini, irin su makrofaj da nutrofil, ƙarin yakan janye su zuwa ɓangarensa, su taimaka masa ya fitar da sababbin jijiyoyin jini, su danne ƙwayoyin T, har su share masa wurin zama a hanta, wadda jinin hanji yake fara ratsawa. Saboda haka kada a ɓarnatar da kuɗin jinya a kan jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da sunan ƙarfafa garkuwar jiki.

Bayan an yanki tsoka ko an yi tiyata, ɗakin gwaji yakan adana abin da aka cire cikin ɗan curin kaki mai lamba. A rubuta wannan lamba a ajiye, domin da curin ake yin gwajin da ya fi muhimmanci a nan, wato MMR ko MSI, ba sai an sake yanka ba. A roƙi likita ya rubuta shi, ko da sai an aika curin wani gari.

Gwajin yana gano ƙarin da ya kasa gyara kurakuran ƙwayoyin halittarsa, wanda hakan yake sa garkuwar jiki ta gane shi da sauƙi. Irin wannan shi ne yake jin magungunan da ke kwance wa ƙwayoyin T dabaibayi, kamar pembrolizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2020 a matsayin maganin farko ga wannan nau'i idan ya bazu. Kusan kashi 15 cikin ɗari na masu cutar ne suke da shi, sauran kuwa da wuya maganin ya amfane su, ga shi da ɗan karen tsada.

Idan sakamakon ya nuna wannan nau'i, a tambayi likita game da larurar gado ta Lynch, wadda ke ƙara haɗarin kamuwa da wannan ciwon, domin idan ita ce, 'ya'ya da 'yan uwan ciki ɗaya su je a leƙa hanjinsu da na'ura tun kafin wata alama ta bayyana.