Idan VM ɗinku na jan ƙafa, ku fara duba faifai da netwok

Jama'a barkanmu da warhaka. Masu aiki da Proxmox ko VMware, manhajojin da ake gudanar da VM a kansu (VM ita ce kwamfutar da ake ƙirƙira da manhaja a cikin saba), da zarar VM ta fara nauyi sai mutum ya ruga ƙara mata RAM da CPU, alhali sau da yawa ba can matsalar take ba, faifai ne ko katin netwok.

Ku duba wane irin katin netwok kuka ba VM ɗin. In E1000 ne to kwaikwayon tsohon katin Intel ne, kowane fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa ta netwok, sai sabar ta yi wahalar kwaikwayo kafin ya wuce. A KVM, wanda Proxmox ke amfani da shi, ku mayar da shi VirtIO, a VMware kuma VMXNET3. Haka faifai, ku bar IDE ɗin nan, tsohuwar hanyar haɗa faifai, don Allah, ku koma VirtIO SCSI a KVM ko PVSCSI a VMware. Amma fa Windows ba ya zuwa da direban VirtIO, wato manhajar da ke sa ya gane na'urar, ku fara saka direban daga kunshin direbobi na virtio-win kafin ku canza, in ba haka ba zai ƙi tashi ya bar ku da shuɗin allo.

Sai batun sinafshot, wato hoton yanayin VM da ake ɗauka don a iya komawa gare shi, wasu sai su tara su wata da watanni kamar bakof ne, ba bakof ba ne, kuma a VMware duk sanda sarƙar sinafshot ɗin ta yi tsawo karatun faifai na ƙara nauyi. Ku goge tsofaffin.

Kafin ku taɓa komai dai ku gwada gudunsu, da manhajar fio don faifai, da iperf3 don netwok. In kun kunna MTU 9000 kuma, wato kun ƙara iyakar girman fakiti zuwa bayit 9000, sai suwic da duk hanyar sun yarda da shi, in wuri ɗaya ya tsaya a 1500 manyan fakiti za su riƙa zubewa.