Yadda ake adana mabuɗan kabad ɗin bindiga

1. Mabuɗi biyu sun isa: na hannu da na ajiya. Idan za a ƙara, a nema daga kamfanin da ya ƙera kabad ɗin.

2. Na ajiyar a kulle shi cikin ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambar sirri, a wani ɗaki daban. Kada a ɗora shi saman kabad ko cikin aljihun tebur, nan ɓarawo da yaro ke fara lalubawa.

3. A cire harsashi kafin a ajiye bindiga, a kulle harsasan daban.

4. A ɗaure kabad ɗin da bango, don kada a ɗauke shi ɗungurungum.

5. Mabuɗi ya ɓata? A canza makullin a ranar.