Ga masu shirin zuwa baje kolin Canton sarin kayan ado

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Baje kolin Canton, wato na birnin Guangzhou a ƙasar Sin, sau biyu ake yinsa a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma zango uku ne. Kayan kyauta da na adon gida, su tangaran da gilashi, a zango na biyu suke. Ku duba kwanakin kafin yankan tikiti.

A rumfa kada ku tsaya kan farashin guda. Ku tambayi mafi ƙarancin adadin da suke sayarwa, guda nawa ke cikin kwali, da girman kwalin a CBM (kubik mita, wato ma'aunin wurin da kaya ke ci), domin kuɗin jirgin ruwa da shi ake lissafawa. Furen roba da manyan tuluna ba nauyi, amma cin wuri gare su, nan riba ke zurarewa. Kwantena mai ƙafa 20 kusan CBM 28 take ɗauka. Mai ƙaramin jari ya wuce kasuwar sari ta birnin Yiwu da ke Sin, can ana sayar da kwali ɗaiɗai.

Sai batun hanya, wanda shi ne ya fi damuna. Bayan jirgin ruwa ya sauke su a Duwala ta Kamaru, kaya za su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan tirela zuwa Garwa, Marwa, Kusiri ko Njamena. Kwali mara kauri ba ya kaiwa. Ku sa a rubuta cikin yarjejeniya: kwali mai ninki biyar, soso tsakanin kaya, madubi kuwa cikin akwatin katako. Kyandir na ƙamshi narkewa yake a zafinmu na Afrilu. Fitilu su zama 220V masu fulogi zagayayye.

Kafin alƙalami kashi 30 cikin 100 ya isa. Ragowar sai wakilinku ya buɗe kwalaye ya gwada da samfurin da kuka sa wa hannu.