Darasi na 9: Gubar Naman Kaza na Daji

Idan damina ta zauna, daga gonakin bakin Binuwai a Garwa har tudun Ngaundere a ƙasar Kamaru, naman kaza yakan ɓullo cikin dare ɗaya. Wasu suna ce masa lemar kwaɗi. Ana ganinsa a kan suri, a gindin itace, a cikin ciyawa, har a kan kashin shanu. Lokacin ne kuma rumbu yake yin ƙasa, nama ya yi tsada, don haka uwar gida takan ji daɗi idan yara suka shigo da ƙwarya cike da shi. Akwai mai kyau, wanda kakanninmu suka ci suka zauna lafiya, musamman na kan suri mai doguwar saiwa da take nutsewa har cikin gidan gara. Akwai kuma mai guba, kuma sau da yawa ido ba ya raba su.

Yaushe aka ci, yaushe ciwo ya fara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Da ita ma'aikacin asibiti yake gane irin gubar da ta shiga jiki.

Akwai gubar da take nuna kanta da wuri, daga rabin awa zuwa awa 3 bayan cin abinci. Ciki ya murɗa, amai da gudawa su taso. Mai yawan jawo wannan shi ne wani babban farin naman kaza da ke fitowa cikin ciyawa, mai ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa a kan lemarsa. Yana ƙarami ƙarƙashinsa fari ne fat, sai ya tsufa yake komawa kore-kore. Ba kasafai yake kashe babba ba, amma yakan zuƙe ruwan jikin yaro ko tsoho cikin 'yan awoyi.

Wani irin kuma yana sa zufa ta karyo, miyau ya yi ta dalala, hawaye na zuba, bugun zuciya ya ragu. Wannan yana da allura a asibiti, sunanta atrofin. Akwai wanda yake juya hankali, mutum ya riƙa sambatu yana ganin abin da babu. Kada a ce iska ce a tsaya yin turare. A tuna abin da ya ci.

Gubar da ta fi kisa ita ce mai jinkiri. An ci tuwo da miyar naman kaza bayan Magariba, kowa ya kwanta lafiya, sai da Asuba ko da hantsi amai da gudawa kamar ruwa su ɓarke. Idan awa 6 ko fiye suka wuce kafin ciwo ya fara, wani lokaci har awa 24, to a ɗauka cewa hanta tana cikin haɗari.

Ga inda ake asarar rayuka. A rana ta biyu amai yakan tsaya, gudawa ta lafa. Mara lafiya ya tashi zaune, ya nemi kunu, har ya yi dariya. Mutanen gida su yi hamdala, su ce kuɗin babur ya huta. Alhali gubar tana nan tana cin hanta, kamar yadda gara take cin azara ta ciki, waje kuwa lafiya lau. Daga rana ta 3 zuwa ta 5 sai ido ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke, jini ya riƙa fita daga dasashi ko hanci, mutum ya rikice, ya shiga barcin da ba a iya tashinsa. A wannan mataki aikin likita ya yi wuya ƙwarai. Ina roƙonku, ku riƙe wannan ko da kun manta sauran darasin: sauƙin rana ta biyu ba warkewa ba ne.

Fara ciwo da wuri ma ba dalilin sakin jiki ba ne. Tukunya ɗaya tana iya haɗa iri biyu ko uku, mai saurin ya rufe mai jinkirin.

Maganganun da ba su da tushe

Ana cewa idan tsutsa ko akuya ta ci, mutum ma zai iya ci. Ba haka ba ne, jikinmu da nasu ba ɗaya ba. Ana cewa azurfa ko albasa takan yi baƙi a cikin miya mai guba. Ba ta yi. Mafi haɗari shi ne zaton cewa dahuwa tana kashe guba. Gubar da ke lalata hanta ba ta jin wuta. A tafasa, a zubar da ruwan, a soya, a shanya a rana, tana nan daram. Ba ta da ɗaci kuma, miyar takan yi daɗi.

Wanda ya baro garinsu, misali daga wajen Marwa ya koma noma a ƙasar Binuwai ko Adamawa, ya ƙara kiyayewa. Abin da ya yi kama da na gida ba lalle ne shi ba.

Abin da za a yi

A kama hanyar asibiti nan take, ba sai gari ya waye ba. Da damina rafi yana iya kawo ruwa ya tare hanya, saboda haka jira ba naku ba ne. Duk wanda ya sa hannu a kwanon nan zai tafi, har wanda bai ji komai ba tukuna. A fara da yara da masu ciki da tsofaffi.

A tafi da ragowar miyar. Idan akwai ɗanyen naman kazan, a haɗa da shi, har gindinsa da aka yanke aka yar, domin a gindi ake gane wasu masu kisa. A naɗe shi a takarda, kada a sa a leda, don leda tana ruɓar da shi. Mai waya ya ɗauki hotonsa sama da ƙasa.

Kada a tura yatsa a maƙogwaro don a jawo amai. Kada a ɗura wa mutum manja ko madara ko jiƙo da sunan karya guba, ba sa karya ta, sai ɓata lokaci. Kada a ba shi farasitamol, domin hanta ce take sarrafa shi, ita kuwa tana cikin wahala.

Abin da za a ba shi a hanya shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda ake rubuta SRO a jikin ƙunshinsa. A zuba ƙunshi 1 a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Idan babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Wanda ya suma kuwa ba a ba shi komai ta baki. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi.

A asibiti za a yi masa ƙarin ruwa. Idan an zo da wuri, ana iya ba shi wani baƙin gari da ake kira gawayin asibiti, mai kama guba tun tana hanji. Ba gawayin murhu ba ne, kada a daka na gida. Za a ɗebi jini a duba hanta da ƙoda, kuma za a sake ɗiba, domin gwajin ranar farko yana iya fitowa lafiya. Akwai magungunan da ke taimakon hanta, amma sun fi aiki idan an fara su da wuri. In ƙaramin asibiti ya tura ku babba, ku tafi. In likita ya ce a kwana biyu ko uku, a kwana, ko da mara lafiya ya ce ya warke.

Aikin karatu da rubutu

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira da ƙarfi.

"Sannu, Inna. Yaushe kuka ci miyar?"

"Jiya bayan Magariba, Malam."

"Yaushe yaron ya fara amai?"

"Ana kiran Asuba."

"Ku nawa kuka ci?"

"Mu 5 ne. Biyu suna gida, lafiyarsu ƙalau."

"A'a, Inna. A aika a zo da su yanzu."

Ku ƙirga: daga ƙarfe 7 na yamma zuwa ƙarfe 5 na asuba awa nawa ne? Wace irin guba ce ake tsoro a nan?

Sai kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta takardar da zai miƙa wa likita: ranar da aka ci, lokacin da aka ci, lokacin da ciwo ya fara, yawan waɗanda suka ci, da wurin da aka tsinko naman kazan.